Ƙuma: Ƙarama Ce, Amma Kada A Rena Ta

A 1 Sama'ila 24:14 Dawuda ya kwatanta kansa da ƙuma don nuna ƙanƙanta. Amma ƙumar ɓera ce ke yaɗa annobar da ta hallaka miliyoyin mutane a Turai daga 1347.

Masana sun sa ƙuma cikin rukunin Siphonaptera, mai iri wajen 2,500. Kakanninta masu fukafukai ne, ita kuwa tsalle take yi. Jikinta siriri ne domin ratsa gashin dabba. Rayuwarta mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sa'an nan babba mai shan jini. Ukun farko a ƙurar ƙasa suke girma.

Saboda haka, ɗalibai, wanke kare kaɗai bai isa ba. Ku share ɗakin kwana kullum, ku shanya tabarma a rana.