Kafin a Ɗaure Yaro a Kujera

A gidaje da dama na Kankiya da Kusada akwai yaron da ya haura shekara biyu bai riƙe wuya ba, balle zama. Sau da yawa sanadin tun farko ne: doguwar naƙuda, shawarar jarirai da aka yi jinkirin kai wa asibiti, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Uwa kuwa ga girki ga ɗiban ruwa, sai ta jingina shi a kujera ta ɗaure shi da majanyi a ƙirji.

Mai aikin gashin ƙashi kan tarar da haka a kai a kai, kuma a nan haɗarin yake. Yaron da jikinsa ya saki yakan zame a hankali, ƙugu ya yi gaba, majanyin ya hau maƙogwaro. Ba ya iya ɗagowa, wani ma ba ya iya kuka.

Don haka daga ƙugu ake farawa. A tura mazaunan yaro har ƙarshen kujera, a ɗaura ɗamara ƙasa-ƙasa a kan ƙashin ƙugu, kada ta danne ciki. Sannan a sa rigar tallafin ƙirji mai maɗauri a kafaɗu biyu da gefen haƙarƙari, nesa da wuya. Yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da jiki. Ƙafafu su taka katako, kada su riƙa lilo. Idan an kwance, a duba fata: tabon da ya daɗe bai baje ba alama ce ta gyambo na tafe. Kuma ba a barin yaro ɗaure shi kaɗai.

Yaron da ya zauna daidai ba ya yawan ƙwarewa wajen cin abinci, numfashinsa na sakewa, yana kallon 'yan'uwansa suna wasa.

Ba dole sai kayan waje ba. Tela zai iya ɗinka rigar da yadi mai ƙarfi da soso, kafinta ya haɗa kujerar, muddin ma'aikacin gashi ne ya auna yaron, a kuma riƙa sake awon yana girma. Iyaye su fara da Babban Asibitin Kankiya. Idan abin ya buƙaci ƙwararru, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.