Mutumin da Aka Doka a Kurkukun Brandon

A fara karanta Amos 5:21-24 da Luka 23:32-43, kāna a shiga darasin.

A shekara ta 1976 wani baƙin mutum na ƙasar Amurka, mai suna John Perkins, ya fitar da littafin labarin ransa. Daga Amos 5:24 ya ɗauko sunan littafin, inda annabi ya kwatanta shari'ar gaskiya da ruwa mai gudu.

An haife shi a 1930 cikin jihar Misisifi. Danginsa masu noma gonar wani ne, a raba amfani da kaka. Uwarsa ta rasu saboda rashin abinci mai kyau tun bai cika shekara ba, kakarsa ta goye shi. Makaranta kuwa, a aji uku ya tsaya. Yana yaro ya yi wa wani farin mutum aikin kwasar ciyawa yini guda cur, yana sa ran samun ninki goma na abin da aka ba shi, sai aka miƙa masa senti 15. Ku da ku ke ɗaukar ƴan ƙwadago lokacin noma, ku duba Yaƙub 5:4 kafin rana ta faɗi.

A 1946 wansa Clyde, wanda ya komo daga yaƙin duniya na 2, yana tsaye a layin sinima, ɗan sandan garin ya harbe shi, ya mutu. Dangi suka ji tsoro, suka tura John can Kalifoniya. Ba ruwansa da addini a lokacin, gama ya ga masu zuwa sujada ranar Lahadi su ne masu danne su ranar Litinin. Ɗansa ƙarami ne ya ja shi zuwa makarantar Lahadi, a 1957 kuwa ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. A 1960 ya bar aikinsa mai kyau, ya kwashi iyalinsa ya koma Misisifi yin bishara.

To, ga inda darasin ya ke. A watan Fabrairu 1970 aka kama waɗansu ɗalibai da suka yi tafiyar neman hakki tare da shi. Ya tafi kurkukun Brandon da dare domin ya yi belinsu. Ashe jiransa a ke yi. Ƴan sanda suka yi ta dukansa da shuri har ya suma, suka cusa masa cokali mai yatsu a hanci, suka sa shi ya goge jininsa da ya zuba a ƙasa.

Kada wani ya ce gari na wayewa ya gafarta. Ba haka ya faɗa ba. Jikinsa ya lalace: ciwon zuciya ya kama shi, daga baya likita ya yanke kashi biyu cikin uku na tumbinsa. Ya daɗe a kwance, ƙiyayya tana cinsa. Amma ya riƙa tuna fuskokin mutanen nan, yadda ƙiyayya ta murɗe su, ya ga in ya riƙe tasa zai zama kamarsu. Ya tuna Ubangiji a bisa giciye yana roƙo domin masu kashe shi. Cikin masu jinyarsa kuma akwai fararen fata, suna wanke shi da hannuwansu. A hankali, a hankali, abin ya sake shi.

Wanda ya ga tokar majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairu 2015 ya san gafara tana iya fita a baki tun zuciya ba ta kai wurin ba. A ganina, bai kamata dattawan ikilisiya su gaggauta mai rauni ba. Ku zauna da shi, ku kai masa tuwo, ku yi addu'a tare.

Ku lura kuma, gafarar Perkins ba ta rufe masa baki ba. Bai taɓa ce abin da aka yi a Brandon ƙaramin abu ne ba. Ya rubuta shi dalla-dalla domin duniya ta sani. Ya ci gaba da aiki a garin Mendenhall, inda shi da matarsa da ƴan'uwa suka kafa kantin haɗin kai da ɗakin shan magani saboda talakawa. A 1989 shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya ta masu bi, baƙaƙe da farare, waɗanda su kan koma su zauna cikin unguwannin matalauta, su yi aiki tare da maƙwabtansu.