Yadda Ake Kafa Ɗakin Tantabaru, Kai da Ɗanka

Da yaro ya kai shekara 14 ko 15, sai maganarsa da ubansa ta tsaya a "Ina kwana, Baba" da "To, Baba". In ɗan fari ne abin ya fi tsanani, don wani uban ko sunansa ba ya kamawa saboda kunya. Masu ba da shawara su ce ka zaunar da shi ku tattauna. Ka gwada ka gani: zai sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Abin da ke aiki shi ne a sami wani abu da ku biyun za ku zuba wa ido, hira ta zo da kanta. Daga nan Gwadangaji har Argungu babu abin da ya kai tantabara a wannan aikin. Ba ta cin fili, abincinta kuma yana cikin rumbu.

1. Ka jawo shi, ban da umarni

Ce masa, "Zo ka raka ni kasuwa mu duba tantabaru, idonka ya fi nawa gani." Ka kuma sanar da uwargida tun da wuri, don a kan shanyarta kashin zai riƙa sauka.

2. Ɗaki kafin tsuntsu

Katako da ragar waya sun isa, ku biyun ku buga da hannunku. Ku ɗaga shi daga ƙasa kamar mita ɗaya saboda ɓera, gafiya da maciji, ku toshe duk kafar da kyanwa za ta zura hannu. A intanet za ku ga ana cewa ƙofa ta kalli gabas don rana ta shiga. Wannan shawarar ƙasashen sanyi ce. Mu nan hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka ku ba gabas baya. In rufin kwano ne, ku shimfiɗa zana a kai ko ku ajiye ɗakin a inuwar dogon yaro, domin daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, 'ya'yan tantabara kuma ba sa jure shi. Kowane miji da mata a ba su kasko ko tukunya biyu, saboda macen takan sake ƙwai tun 'ya'yan farko ba su bar sheƙa ba.

3. Saye

Ku fara da na gida, shida sun isa, maza uku mata uku. Kuɗinsu bai kai na ɗan akuya ba. Masu wutsiya kamar mafici da masu alkafura a sama su jira sai hannu ya faɗa. Yaro zai nuna maka a waya cewa a Nuwamban 2020 an sayar da wata tantabarar tsere a Beljiyam kan Yuro miliyan 1.6. Gaskiya ne, amma ka ce masa ku ba wannan kasuwar kuka zo ba.

Kada ka yarda da "miji da mata ne, Alhaji" daga bakin mai sayarwa. Ku tsaya ku kalla. Namiji yana kumbura wuya, yana kuka yana juyi, yana jan wutsiya a ƙasa. In an kuskure, gida zai nuna: maza biyu ba ƙwai, mata biyu kuwa ƙwai huɗu a kasko ɗaya, babu wanda zai ƙyanƙyashe. Ka buɗe bakin kowace, in ka ga abu rawaya manne a maƙogwaro ka ajiye ta. Ka shafa ƙirji, in ƙashin ya fito da kaifi ta rame. Sa'an nan ka bar yaron ya zaɓi nasa biyu, ko da launin bai yi maka ba.

4. Sabar da su gida

Nan ne mafi yawan mutane ke asarar tsuntsayensu, nan ne kuma yara ke karaya su watsar. Tantabara ba ta manta gidanta na farko. Babbar da ka saya daga unguwar kusa, ka sake ta bayan mako guda, kafin ka juya tana kan katangar tsohon mai ita. Shi ya sa na fi son 'yan mako biyar zuwa shida, waɗanda suka fara cin abinci da kansu amma ba su taɓa shawagi a wani gida ba.

Ku kulle su mako huɗu cur. A cikin wannan lokacin ku yi musu keji na raga a bakin ƙofa ko a saman ɗakin, inda za su fito su ga rufin gida, bishiya da hasumiyar masallaci, su haddace wurin. Duk lokacin ba da abinci, yaron ya kaɗa gero a gwangwani ko ya yi fito, sauti iri ɗaya kullum. Shi zai yi, ba kai ba. Tsuntsayen su san shi ne mai abinci.

Ban da almakashi. Gashin fiffike da aka yanke ba ya fitowa sai tsuntsu ya zubar da gashi ya sake sabo, kuma duk tsawon watannin nan tantabarar naman kyanwa ce. Ɗaure fiffike da zaren roba ma yana karya gashin.

Ranar saki, ku hana su abincin safe. Ku jira bayan la'asar sakaliya, ranar da babu iska babu hadari, ku duba sama ko shaho na zagaye. Ku buɗe ƙofa ku koma gefe ku zauna. Ban da kora, ban da jifa, ban da ƙannen yaro masu ihu. Su fito da kansu, su hau rufi, su dudduba. Kafin magariba a kaɗa gwangwani, yunwa za ta shigo da su. In manya ne, ku jira sai mace ta kwanta a kan ƙwai, domin namiji ba ya nisa da sheƙarsa. Duk da haka wata za ta ɓata. Kada ka ɗora wa yaron laifi, ka tambaye shi me yake ganin ya faru. Kuma kada zumuɗi ya sa ku ɗauki na gida zuwa Argungu ku sake don gwaji. Gwajin dawowa daga bayan unguwa ake fara shi.

5. Ci da sha

Gero da dawa, a haɗa da ɗan wake, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Dusar shinkafa tana da arha a nan, amma ba abincin tantabara ba ce. A ajiye musu ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai. Ruwa a canza kullum, a mazubi mai ɗan zurfi, don ita tsoma baki take yi ta zuƙa.

6. Ƙwai da littafi

Ƙwai biyu take yi, kwanci kusan kwana 18, namiji da rana, mace da dare. Bayan mako guda ku haska ƙwan da tocilar waya a duhu, mai rai za ku ga jijiyoyi ja a ciki. Ka saya wa yaron littafin rubutu ya riƙa sa ranar ƙwai, ranar ƙyanƙyasa, da wa ya haifi wa, don kada a yi ta haɗa 'yan sheƙa ɗaya har iri ya lalace. In za a ƙara sabon launi ko a yi musaya da wani, ku duba littafin tare.

7. Cuta

Duk sabuwar da aka kawo a keɓe ta mako uku. Da hunturu ake yawan ganin cutar da ke murɗe musu wuya, 'yar'uwar wadda ke ƙarar da kaji. Ba ta jin kafso, don haka ku daina farke na mutane kuna zubawa a ruwa. Ku ware mara lafiya, ku je wurin likitan dabbobi ku tambayi rigakafi, akwai na cutar kajin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. Kafin shara a yayyafa ruwa a rufe hanci, ƙurar kashin tana taɓa huhu. Kashin kuwa a tara a buhu, masu albasa da barkono a fadama suna so.

8. Ƙa'idoji

Na yaro uku ne: ba hawa katanga a leƙa gidan mutane, ba caca, tantabarar maƙwabci in ta shigo a mayar wa mai ita. Lokacin salla da na makaranta kuma ba a taɓa su.

Naka sun fi wuya. Bakin ɗakin tantabaru ba wurin bincike kan sakamakon jarrabawa ba ne, ka bar wannan sai zaure. In ya fara ba ka labarin abokansa kuna tsugune kuna wanke kasko, ka saurara, kada ka mayar da shi wa'azi. In ya sayar da 'ya'yan tantabarunsa, kuɗin nasa ne, sai dai ya cire na gero. Kuma duk girman baƙon da ya sauka a gidanka, kada ka yanka tantabarar yaro yana makaranta. Ka aika kasuwa a sayo kaza.