Darasin Kimiyya: Hanyoyin Zama Makanikin Jirgin Sama

Ɗalibai, kafin mu duba hanyoyin shiga wannan sana'a, bari mu fara da dalilin da ya sa koyon ta yake ɗaukar lokaci.

Idan jirgi ya yi nisa a sama, iskar waje takan yi ƙaranci, don haka ake matsa iska a cikinsa domin fasinjoji su yi numfashi. Wannan yana sa jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauka kuma ya sace. Bayan an yi haka sau dubbai, ƙarfen yakan gaji, ya fara tsagewa a gefen ƙusoshin da suka riƙe shi, tsagar da ido ba ya saurin gani. Abin da ya faru ke nan a 1988, lokacin da rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta. Gano irin wannan tsaga tun jirgi yana ƙasa, shi ne aikin makaniki.

Hanya ta farko ita ce makaranta. A Nijeriya akwai kwalejin koyar da fasahar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Mutane sun fi saninta da horar da matuƙa, alhali tana da sashe guda na masu gyara. Wanda yake son shiga, sai ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, ya kuma haɗa da Turanci, domin littattafan gyara galibi da shi ake rubuta su. Hanya ta biyu aikin soja ce. Rundunar sojin sama tana da cibiyarta ta fasaha a Kaduna. Ta uku kuwa koyo a hannun gwani. A Amurka, wanda ya yi wata 30 yana aiki a kan jikin jirgi da injinsa yana iya neman zama jarrabawa ko bai shiga kwaleji ba.

Sana'ar ta rabu gida biyu: masu jiki da inji, da masu lantarki da na'urori. A Turai ana kiran lasisinsu B1 da B2.

Ku lura da wannan sosai, domin a nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Takardar kammala makaranta ba ta ba mutum ikon sallamar jirgi. Sai ya yi aiki ƙarƙashin mai lasisi, ana rubuta duk abin da ya gyara a kundinsa ana sa hannu, sannan ya ci jarrabawar NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Nijeriya. Ko bayan haka, kowane samfurin jirgi da nasa horon: wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai sa hannu a kan Airbus A320 ba sai ya sake zama ɗalibi. A ganina wannan tsaurin daidai ne, tunda rayuka ne suke rataye a kan sa hannun nan.

Aikin gida: domin ku ga yadda ƙarfe yake gajiya, ku sami ɗan guntun waya, ku riƙa lanƙwasa shi kuna miƙarwa har ya karye. Ku ƙirga sau nawa kuka yi, ku duba bakin karayar, ku rubuto abin da kuka gani.