Kiran bidiyo a jinyar gida: abin da kyamara ke gani da abin da ba ta gani

Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina shi ne sa ido kan masu kula da marasa lafiya a gidajensu a Kano. Yawancin majinyatanmu tsofaffi ne masu shanyewar ɓarin jiki ko ciwon suga. A asibiti, idan abu ya shige wa ma'aikaciya duhu, sai ta leƙa ɗaki na gaba ta kira babba. A gida kuwa daga ita sai majinyaci da iyalinsa. Wannan giɓin ne muke cikewa da kiran bidiyo na WhatsApp, wanda muka riƙe sosai tun kullen korona na 2020.

Amfaninsa na farko yana wajen miƙa aiki. Ma'aikaciyar dare da ta safe da mai sa ido sukan haɗu a kira ɗaya. A nuna kwalin magani a ƙirga abin da ya rage, a nuna lambar da na'urar awon jini ko ta suga ta bayar, a duba launin fitsarin da ke jaka. "Ya kwana lafiya" gaisuwa ce, ba rahoto ba.

Inda nake so abokan aiki su fi lura shi ne gyambon kwanciya. Yakan fara ne inda ƙashi ke danne fata: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige da idon sawu. Littattafai sukan ce a nemi wurin da ya yi ja, amma a fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Wurin kan ƙara duhu ne ko ya yi sheƙi, kuma kyamarar waya a ɗaki mai ƙarancin haske takan ɓoye wannan. Don haka a buɗe taga ko a haska fitila daga gefe, a riƙe wayar ba girgiza, a ajiye ma'auni kusa da ciwon domin a kwatanta girmansa da na makon jiya.

Ko an yi haka, akwai abin da ba ya ratsa waya. Ba na jin zafin fata, ba na jin taurinta, ba na jin wari. Shi ya sa nake tambaya: "Taɓa gefen, ya fi sauran jiki zafi? Ya yi tauri ko laushi? Yana wari? Yaushe aka juya Baba?" Ƙa'idar da muke bi ita ce a juya wanda ba ya iya motsi kamar duk bayan awa 2. Idona yana kan allo, amma hannun ma'aikaciya ne ke ƙarasa binciken.

Sai batun sirri. Majinyaci mutum ne mai mutunci, ko da ba ya iya magana. A nemi izininsa, ko na wanda ke tsaye a kansa, kafin a kunna kyamara, a kuma faɗa masa wanda ke kallo. A suturta jiki, a buɗe wurin ciwon kaɗai. Idan Hajiya ta ce mace take so ta duba ta, a bi ra'ayinta. Mai amsa kira ma kada ta ɗaga a cikin A daidaita sahu ko a tsakar gida cikin mutane. WhatsApp yana kulle kira tsakanin wayoyin masu magana, amma bai hana hoton da aka ɗauka ya faɗa zauren 'yan uwa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Akwai kuma lokacin da kiran kansa ɓata lokaci ne. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, numfashi ya yi wuya ko mutum ya fita hayyacinsa, a nemi mota a nufi asibiti. A kira ni a hanya.

Ga masu ɗaukar ma'aikata: ku saya musu data, kada ku bar su da wannan nauyi. Ku tsayar da lokacin kira, ku amince cewa idan sabis ya yanke za a koma kiran murya, a kuma rubuta duk shawarar da aka yanke a littafin majinyaci. Iyalai kuma ku tambayi duk wanda zai turo muku mai jinya: wa take kira idan ta ga abin da ba ta gane ba, kuma sau nawa wannan babbar ke zuwa gidan da ƙafarta?