Yadda Ake Shirya Ziyarar Gandun Namun Daji Daga Ƙasar Jega

Mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba baƙin hanya ba ne, domin tun zamanin fatake da jakuna, har zuwa yau da ake loda albasa a manyan motoci a nufi Kurmi da ita, sun saba da safara saboda neman halali, ko neman ilimi, ko sada zumunta. Sai dai akwai wata irin tafiya wadda ba a cika yin ta ba, ita ce wadda mutum zai yi takanas domin ya ga giwa da ɓauna da gwanki suna kiwo a inda Allah Ya ajiye su, alhali kuwa malamai sun ƙidaya duban halitta da tafakkuri a cikinta daga ƙofofin ƙaruwar yaƙini. Wannan ziyara tana da sharuɗɗa da ladubba, waɗanda jigonsu bincike ne kafin tashi da haƙuri bayan isa, kuma wanda ya yi sakaci da su zai ɓatar da kuɗinsa ya dawo bai ga kome ba sai birai da ƙura.

Na farko: zaɓen gandu da binciken lafiyar hanya

Gandaye uku ne mutumin wannan yanki zai fara tunani a kansu. Mafi kusa shi ne gandun Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300, ofishinsa yana Sabuwar Busa, kuma hanyarsa ita ce wadda ta bi ta Maiyama da Koko da Yawuri zuwa Kontagora. Na biyu shi ne gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a cikinsa, aka kafa shi a 1954, yana yamma da Gaya ga wanda ya fita ta Kamba. Na uku shi ne Yankari a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauci a 2006.

To, ko da yake biyun farko sun fi kusa, a shekarun nan 'yan bindiga sun sami mafaka a cikinsu, don haka ba ya halatta ga mai hankali ya jefa kansa da iyalinsa ciki sai in hukuma ta tabbatar da zaman lafiya. Wannan ya sa bayanin da ke tafe ya fi karkata ga Yankari, duk da nisansa. Shi ma Yankarin wajibi ne a yi waya da ofishinsa kafin a tsai da rana, a tambayi halin da daji yake ciki a wannan makon, a kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya, domin su ne ke bin ta kullum, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Na biyu: zaɓen lokaci

Babu abin da ya kai lokaci muhimmanci a wannan al'amari, kuma sirrinsa ruwa ne. Da damina ciyawa takan yi tsawo ta rufe ido, kududdufai su cika ko'ina, dabbobi su watsu cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ta yadda mutum zai wuni yana zagayawa bai ga ko gada ba. Amma idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, ganye ya zube, sai ƙishirwa ta tattaro su gaba ɗaya zuwa kwarin kogin Gaji, wanda ba ya yankewa. Saboda haka daga Fabrairu zuwa Afrilu ne aka fi ganin namun daji, sai dai zafin rana yana da tsanani a ƙarshen wannan lokaci. Wanda kuwa yake tare da tsofaffi ko ƙananan yara, gara ya zaɓi Disamba ko Janairu, ya haƙura da hazon hunturu. Manomin albasa ya duba lissafinsa, ya bari sai ya kwashe amfaninsa ya adana, ɗalibi ya jira hutu, kowa kuma ya kauce wa watan azumi da ranakun bukukuwa, lokacin da masauki kan cika.

Na uku: abokan tafiya da lissafin kuɗi

Tafiyar ta fi sauƙi ga jama'a, mutum shida zuwa goma, waɗanda za su ɗauki shatar mota guda su raba kuɗin mai. Su naɗa shugaban tafiya wanda maganarsa za ta zama ita ce yankan hukunci, su naɗa ma'aji mai riƙe littafi, domin yawancin saɓanin matafiya daga kuɗi yake tasowa. A lissafa kuɗin mota, da kwana a hanya, da kuɗin shiga na kowane mutum da na mota, da ladan jagora, da ɗakin kwana, da abinci, sa'an nan a ware wani kaso saboda larura. Farashi yana canjawa, don haka a ji shi daga bakin ofishin, a kama ɗaki tun kafin tashi, a kuma riƙe tsabar kuɗi gwargwado, saboda layin waya ba shi da tabbas a cikin daji.

Na huɗu: guzuri da tufafi

A ɗauki abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa da dabino da garin rogo, tare da ruwan sha mai yawa, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da sinadarin gishiri da sukari saboda gudawa, da tocila, da buta da darduma, da katin shaida. Wanda ya sami madubin hangen nesa, ko da na aro ne, ya riƙe shi da kyau, domin shi ne zai bambance masa kanki da gwambaza daga nesa. Game da tufafi kuwa, a ajiye farar babbar riga da shadda mai ƙyalli a gida, a sa kaya masu launin ƙasa ko na toka, masu dogon hannu, da takalmi rufaffe. A nisanci baƙi da shuɗi musamman, saboda ƙudan tsando, wanda makiyaya suka san sharrinsa a kan shanu, yana bin waɗannan launuka biyu, cizonsa kuma yana da zafi.

Na biyar: hanya da hukuncin salla

Daga Jega ana bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, a wuce Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, daga nan a bi ta Kano da Ningi ko ta Jos a isa Bauci. Tafiya ce ta kwana biyu ga wanda ba ya son wahalar da kansa, kuma ƙa'idarta ita ce a yi sammako, a sauka kafin faɗuwar rana, kada a yi tafiyar dare ko kaɗan. Mai hali yana iya hawa jirgi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja, ya nemi na Bauci. A cika tanki a Bauci, a kama hanyar Gombe har Dindima, a karkata dama zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun take, daga nan kuma akwai kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki.

Nisan tafiyar daga Jega ya wuce baridi huɗu, wato mil 48, wanda mazhabar Imamu Malik ta ƙayyade, don haka matafiyi zai yi ƙasaru a Azahar da La'asar da Isha'i tun daga lokacin da ya bar gine-ginen garinsu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda ba.

Na shida: ladubban shiga daji

Ana fita kallo sau biyu a yini, da sassafe da kuma bayan La'asar, domin da tsakar rana dabbobi sukan shige inuwa su kwanta. Kuma ba a shiga sai da jagora daga ma'aikatan gandun, ko a motar gandu ko a ta baƙo idan mai tudu ce. Shi jagora malami ne a fanninsa, yana karanta sawu da kashi da karyayyen reshe ya faɗi abin da ya wuce da lokacin da ya wuce, saboda haka a girmama shi, a saurare shi, kada a matsa masa ya kusanci dabba fiye da yadda ya ga ya dace.

A rage murya, a kashe ƙarar waya, kada direba ya busa oda, kada kowa ya sauka sai da izini. Idan giwa ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai, musamman mai ɗa, gargaɗi take yi, sai a ja da baya a hankali. Ɓaunar da ta ware daga garke ta fi garken hatsari. Dorina kuwa ba a shiga tsakaninta da ruwa. Haramun ne a dokar gandu a yi farauta, ko a shiga da makami, ko a kunna wuta, kuma guntun taba guda yana iya cinye daji a lokacin rani. Leda da roba a tara su a mota, domin dabbar da ta haɗiye leda mutuwa take yi a hankali.

Sa'an nan a yi haƙuri, domin gandu ba gidan zu ba ne inda aka tsare dabba a keji tana jiran mai kallo. Yankari yana riƙe da ɗaya daga manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, amma sukan yi nisan kiwo. Zaki kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, har ba a san inda ya saura a ƙasar nan ba sai Yankari da Kainji, ganinsa sai mai rabo. Wanda ya ƙulla zuciyarsa ga zaki kaɗai zai dawo da ɓacin rai, wanda kuwa ya buɗe idonsa ga mazo da gwanki, da kada a bakin ruwa, da burtu yana taku cikin ƙona, zai ga abin da zai ishe shi tunani. Ya fi kyau a roƙi direba ya tsaya kusa da mashaya, a kashe inji a jira, maimakon a yi ta gudu daga wannan hanya zuwa waccan. Kuma a yi fita uku ko huɗu cikin kwana biyu, domin abin da safiya ta ɓoye yamma takan bayyana shi.

Na bakwai: zaman masauki da ruwan Wikki

A masaukin akwai gwaggon biri da mugun dawa suna yawo tsakanin ɗakuna. Biran sun ƙware wajen fizge leda daga hannu da shiga ɗakin da aka bari a buɗe, don haka a kulle ƙofa da taga da mota, kada a ba su abinci, kada kuma a bar yaro shi kaɗai riƙe da abin ci. A gangaren masaukin ne ruwan Wikki yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Mai son wanka ya suturta al'aurarsa, iyali su nemi lokacin da babu cunkoso, wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, kuma kada a sa sabulu, domin ruwan yana gangarawa ne zuwa Gaji, inda dabbobi ke sha. In da sauran lokaci, a nemi jagora ya kai ku kogunan Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey.

Na takwas: komawa gida

A sallami jagora da ihsani, a bar masauki da hantsi domin a kai zango da rana, kuma idan aka tallata muku naman daji, ko fata, ko haure, ko ɗan biri a gefen hanya, ku ƙi saye, domin mai saye shi ne yake ɗaure wa mafaraucin ɓoye gindi. Da an iso gida, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa ya mayar da rarar kuɗi, shugaban tafiya kuma ya rubuta zangon da aka kwana, da farashin da aka biya, da sa'ar da aka ga kowace dabba da wurin da aka gan ta, ya ajiye takardar a hannun malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar matasa, domin ayarin baɗi ya tashi da saninsa.