Amsar Tambaya: Ina Za A Kai Baba?

Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto cewa mahaifinta, tsohon marini da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ya ƙi cin abinci, ya daina hira. Ƙannenta na so a kai shi gidan zu ya sha iska.

Gidan zu ba laifi, amma wannan sha'awar jikoki ce. Mutumin da ya tsufa hannunsa shuɗi da baba, marinar Ƙofar Mata ta fi masa ko'ina. Warin baba da toka, ƙarar bugu, wani tsohon abokin sana'a ya kira shi da sunan ƙuruciya: irin wannan kan buɗe bakin da ya daɗe a rufe.

Ta fara tambayarsa tukuna, domin wani dattijon ba ya son a gan shi a keken guragu. In ya yarda, a nemi izinin likitansa, a fita da hantsi kafin rana ta take, da ruwa da magungunansa. A ajiye keken nesa da bakin ramuka. Minti 40 ya isa. Da ya nuna gajiya, a juyo gida.